John Baskerville da haruffan da Ingila ta yi jinkirin yabawa

Duk lokacin da aka tashi zancen masu ɗab'i na Birtaniya, da William Caxton ake farawa, kuma ya cancanta, domin shi ne ɗan kasuwar da ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila, a Westminster, a shekarar 1476. Amma ni wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne John Baskerville na birnin Birmingham.

Baskerville ya fara da koyar da rubutun hannu da sassaƙa haruffa a kan duwatsun kaburbura, daga baya ya yi arziki da sana'ar shafa wa kayan ado fenti mai sheƙi. Sai da ya haura shekara arba'in sannan ya shiga ɗab'i, ya kuma ƙi yin gaggawa. Ya kwashe wajen shekara bakwai yana zana haruffansa, yana haɗa tawadarsa mai tsananin baƙi, yana matse takarda tsakanin farantan tagulla masu zafi har ta yi sumul, kafin ya fitar da littafinsa na farko, waƙoƙin Virgil, mawaƙin tsohuwar daular Rum, a 1757. Wannan haƙuri nasa ne yake burge ni, domin mutumin yana da abin hannunsa, ba neman na abinci ya sa shi wannan wahala ba.

Abin takaici, abokan sana'arsa a Ingila sun yi ta kushe aikin, har wasu suka ce haruffan suna cutar da ido. Benjamin Franklin na Amurka, wanda shi ma ma'aikacin ɗab'i ne, ya gwada wani daga cikin masu sukar: ya miƙa masa haruffan William Caslon, wani fitaccen mai zana haruffa da ake yabawa a Ingila, a matsayin na Baskerville, mutumin kuwa ya shiga zayyana aibinsu ba tare da ya gane ba. Jami'ar Cambridge dai ta san darajarsa, ta naɗa shi mai yi mata ɗab'i a 1758, kuma a can ya buga babban Baibul ɗinsa na 1763.

Bayan rasuwarsa a 1775, matarsa Sarah ta sayar da ƙarafan haruffan ga Beaumarchais, marubucin wasan kwaikwayo na Faransa, wanda ya buga rubuce-rubucen Voltaire, shahararren marubucin Faransa, da su. Sai a 1953 aka dawo da su Ingila, aka damƙa su ga maɗaba'ar Jami'ar Cambridge.