Zufar auta da warin katifa

Wallahi zafin watan Afrilun nan na ga ta kaina da yaron nan. Shekararsa 3, kullum tsakar dare in na farka sai in tarar kansa ya jiƙe sharkaf, filo kamar an kwara ruwa, da safe kuma ɗakin tsami yake kamar an jiƙa gero an manta da shi. Da farko na ɗauka fitsarin kwance ne har na yi ta masa faɗa, Allah sarki ashe zufa ce.

Hajiya ce da ta zo ta ɗaga zanin gado ta ce "ke wannan ledar da kika shimfiɗa ai ita ke dafa shi". Na cire ta, yanzu shimi ta auduga kawai nake sa masa, katifa ta wuni a rana, zannuwan na jiƙa da ruwan khal kafin wanki. Turaren wuta kam asarar kuɗi na yi, haɗewa yake da warin.

Duk da haka sai da na kai shi asibiti, likita ta tambaya ko yana tarin da ya wuce sati 2, zazzaɓi ko rama, saboda tarin fuka. Babu ko ɗaya alhamdulillah.

Filon dai ya ƙi jin wanki, jiya na jefar da shi.