Kafin Ku Rubuta Labarin Muguwar Mace, Ku Ji Inda Na Yi Tuntuɓe

Ƙannena masu tasowa a harkar rubutu, da wuya wata ya wuce ba tare da ɗayarku ta turo mini babin farko na littafinta ba, kuma sau da yawa tun a shafin farko nake cin karo da mace riƙe da guba ko wuƙa. Na san abin da ke jan ku, don ni ma shi ya ja ni. Labarin matar da ta yi kisa ya fi na maza goma shiga rai, saboda ba wanda ke tsammanin hannun da ya dama masa kunu shi zai zuba masa ajali a ciki. Na kwashe shekaru ina rubuta ƙagaggun labarai a kan irin waɗannan mata na tarihi, kuma akwai kurakuran da na tafka waɗanda har gobe in na tuna su barci ƙaurace mini yake yi. Gara ku ji su daga bakina.

Littafina na farko a kan Elizabeth Bathory na yi shi, wata hamshaƙiyar 'yar sarauta ta ƙasar Hangari da aka haifa a 1560. Abin da duniya ta sani a kanta shi ne wai tana wanka da jinin 'yan mata don kada ta tsufa, kuma wai ta kashe mutum 650. Yadda na ji haka na ɗauka, na ƙara gishirina, har babi guda na ware wa wankan nan. Littafin ya samu kasuwa, ni kuwa na ɗauka na iya.

Sai bayan shekaru na zauna na bi diddigin abin da masana tarihi suka tono. A watan Disamba na 1610 aka kama ta a gidan sarautarta da ke Csejte, cikin ƙasar Sulobakiya ta yau. An ɗauki bayanan shaidu sama da 300, amma ita kanta ba a taɓa gurfanar da ita gaban alƙali ba. Tsare ta aka yi a gidan har ta rasu a 1614. Barorinta aka yi wa shari'a, bayan an gana musu azaba suka yi magana, aka kashe uku daga cikinsu. Adadin 650 ɗin nan daga bakin wata baiwar Allah guda ya fito, wadda ta ce wani ne ya gani a rubuce cikin wani littafi, littafin da ba a taɓa gani ba. Wankan jinin kuwa babu shi a bayanan shaidun. A 1729 ya fara fitowa a rubuce, daga alƙalamin wani limamin Katolika, shekara 115 bayan an binne ta. Ga kuma bashin maƙudan kuɗi da gidanta ke bin sarkin ƙasar. Ban ce matar nan wankakkiya ba ce, shaidun azabtar da 'yan aiki suna da yawa, masana kuma har yau suna ja-in-ja. Amma abin da na sayar wa mutane a matsayin gaskiya, mafi yawansa ƙanzon kurege ne, kuma akwai ɗaliban da suka karanta suka tafi da shi a ka. Don haka duk lambar da kuka ga ta yi girma, duk labarin da ya fi ƙarfin hankali, ku tsaya ku tambaya: wa ya fara faɗa, a wace shekara, kuma me zai samu in an yarda da shi?

Kunyar wannan ce ta tura ni cikin kuskure na biyu. Na ce to daga yau sai na nemo wa kowace irin wannan mace uzuri. Na ɗauko Amelia Dyer ta Ingila, wadda ta koyi aikin jinya sannan ta koma karɓar jarirai riƙo don kuɗi. A zamaninta macen da ta haihu ba aure ta shiga uku. Dokar talakawa ta 1834 ta ɗora nauyin irin wannan ɗa a kan uwa, kuma ko da aka yi wa dokar gyara daga baya, abin kunyar da talaucin ba su tafi ko'ina ba. Yarinya ba ta iya riƙe aikinta da goyo a baya, sai ta nemi wadda za ta biya ta riƙe mata. Dyer takan karɓi kuɗin gaba ɗaya, sannan ta hallaka yaron. Tun a 1879 aka taɓa ɗaure ta wata shida saboda sakaci da yaran da ke hannunta, ta fito ta ci gaba.

Na cika shafuka da ƙuruciyarta: yadda mahaifiyarta ta samu taɓin hankali, yadda ta yi jinyarta tana 'yar ƙarama, yadda rayuwa ta matse ta. Jariran kuwa a layi ɗaya nake wuce su, kamar mai ƙirga buhunan gero. Da na gama sai na kai wa yayata, wadda ta tsufa tana karɓar haihuwa a asibiti. Kwana uku rubutun ya yi a wurinta. Ran da na je karɓa tana tsince shinkafa a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ke, ina iyayen yaran nan suke?" Na ce, "Yaya, ai labarin ba nasu ba ne." Sai ta ajiye faifan ta dube ni. "Na taɓa miƙa wa uwa gawar ɗanta a zane. Ki je ki nemo ko uwa ɗaya ce, ki san sunanta, sannan ki dawo mu yi magana."

Na nemo. Sunanta Evelina Marmon, tana aiki a wata mashaya, ta haifi 'yarta Doris a watan Janairu na 1896 a garin Cheltenham. Ta ga talla a jarida cewa wasu ma'aurata marasa haihuwa na neman ɗan riƙo a kan fam 10. So ta yi ta riƙa biya mako-mako don wata rana ta karɓo abarta, Dyer da ta zo da sunan ƙarya ta ce sam, sai dai a biya gaba ɗaya. Evelina ta haɗa wa 'yarta kayan sawa a kwali ta miƙa ta. Dyer ta shaƙe yarinyar da farin ƙyallen da ake daje bakin riga da shi, ta cusa ta a jaka tare da gawar wani yaron mai suna Harry Simmons, ta ƙara tubali don nauyi, ta jefa a kogin Tems kusa da garin Reading. Da aka tsamo jakar a watan Afrilu, Evelina aka kira ta shaida gawar. A kan kisan Doris kaɗai aka yanke wa Dyer hukunci. Masu taya alƙali yanke hukunci ko minti biyar ba su yi ba suka dawo, aka rataye ta a kurkukun Newgate ranar 10 ga Yuni, 1896. Kwalin kayan nan ya hana ni sakat. Uwar da ta ninke wa 'yarta riguna ba ta yi nufin rabuwa da ita har abada ba. Na yage rabin littafin na sake shi daga hannun da ya ninke rigunan. Ku fahimci mai laifi iya fahimta, wannan aikinmu ne, amma kada tausayinta ya sa ku sake binne waɗanda ta kashe.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai, kuma a gida na yi shi. A garin su mahaifiyata akwai wata tsohuwa mai ƙosai da muka taso ana hana mu sayen kayanta, wai mayya ce. Ana cewa shekarar da yara suka yi ta mutuwa a unguwar, ita ta kama kurwarsu. Ta daɗe da rasuwa lokacin da na sa ta a littafi. Na sauya harafi biyu a sunanta na ga kamar na ɓoye ta, amma na bar unguwar, na bar tsamiyar ƙofar gidanta, na bar ɗingishinta. Aka buga, aka kuma karanta shi a rediyo.

Wata ranar Asabar da hantsi aka yi sallama, wata budurwa ta shigo ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Na kawo mata ruwa, ta ajiye kofin gefen tabarma ba ta sha ba. Ta zaro littafin daga cikin hijabinta, duk gefensa ya nannaɗe. Ta ce, "Hajiya, don Allah ke kin taɓa ganin ta ci wani?" Na ce, "'Yata, ai ƙagaggen labari ne." Ta ce, "Kakata ce, ita ta haifi babata. Ita take mini kitso. An sa mini rana, da dangin yaron suka ji a rediyo sai suka aiko a mayar musu da kayansu, wai maita a nono ake sha." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Daga baya na tambayi dattawan unguwar ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata in yi tun kafin in ɗora alƙalami a takarda. Suka ce shekarar ƙyanda ce, yara sun mutu har a unguwannin da ba su san da tsohuwar ba, kuma cikin waɗanda suka tafi har da jikanta guda. Matar da ba ta da miji, ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata, ita aka nuna da yatsa. Bathory tana da takardun shaidu, Dyer tana da kotu da lauya mai kare ta; wannan tsohuwa ba ta samu ko ɗaya ba, sai ni da na zo na mayar da tsegumin zaure ya zama rubutu. In za ku taɓa labarin mutumin gida, ku sani yana da jikoki masu neman aure, kuma sauya harafi biyu ba ya ɓoye kowa. Ko dai ku samo hujjar da za ku iya tsayawa a kanta gaban danginsa, ko ku ƙirƙiri mutum da garinsa tun daga tushe.

Na bi shagunan littattafai na kwashe sauran kwafin da kuɗina, na hana a sake bugawa. Abin da ya shiga kunnen mutane ta rediyo kuwa, magana zarar bunu ce. Na shirya na tafi garin na nemi gafarar mahaifiyar yarinyar. Ta saurare ni har na gama, ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, sannan ta shiga ɗaki ta fito da kaskon suyar tsohuwar, baƙi ƙirin, an ɗaure hannunsa da waya. Ta ce da shi ta ciyar da su su biyar bayan rasuwar mahaifinsu. Yarinyar tana tsakar gida tana wanke-wanke, ta gaishe ni daga inda take, ba ta taso ba.