Abin da Bishiyar Mangwaro Ta Koya Mini Game da Rubuta Sakamakon Bincike

Maƙalata ta farko a kan hudar mangwaro ba ta taɓa fita ba, kuma har yau ina gode wa Allah da ya sa ta tsaya a teburin malamin da yake duba aikina. Na shiga binciken yadda jikin itatuwa masu 'ya'ya yake aiki da wata tambaya da duk mai lambu ya sani, wato me ya sa bishiya take cika da 'ya'ya a wannan shekara har rassanta su sunkuya, sannan shekara mai zuwa ta tsaya da ganye zalla kamar ba ita ba. Abin ba a mangwaro kaɗai yake ba, ana ganinsa a tuffa da zaitun da wasu nau'o'in lemu, kuma masana sun daɗe suna fama da shi, domin tun a 1936 Hoblyn da abokan aikinsa a Ingila suka fitar da ma'aunin da ake auna shi da shi: a ɗauki bambancin amfanin shekaru biyu a jere, a raba shi da jimillarsu, sai a sami adadi tsakanin 0 da 1, inda 0 ke nufin bishiyar da ke bayarwa daidai kowace shekara, 1 kuma wadda ke bayarwa shekara guda ta huta shekara guda.

Gwajin da na tsara mai sauƙi ne. Na san cewa a farkon shekarun 1970 Ramon Barba na ƙasar Filifin ya gano cewa feshin fotashiyam naitiret, wani nau'in takin zamani, a kan ganye yana sa mangwaro ya yi huda ba a lokacinsa ba, abin da ya sauya noman mangwaro a ƙasarsa. Na kuma san ana zuba wani magani mai suna faklobutrazol a gindin bishiya domin ya hana ta ƙera jibaralin, sinadarin da ke ingiza toho yana danne fure. Sai na raba bishiyoyin lambun gwaji gida uku, wasu na fesa musu na farko, wasu na zuba musu na biyu, saura na bar su yadda suke don su zama abin kwatance. Kuskuren da na tafka shi ne na yi rabon layi-layi, saboda ya fi sauƙin jan bututun feshi, maimakon in bar ƙuri'a ta zaɓa wa kowace bishiya rabonta.

Da lokacin huda ya zo, layin da na fesa ya yi fari fat da fure, ƙudaje suna ta shawagi a kansa, layin kwatance kuwa sai tsilli-tsilli. Na kwana uku ina lissafi, alƙaluma suka nuna bambanci mai ƙarfi, na zauna na rubuta maƙala ina jin na cafko abin da ya gagari manya. Malamina ya karanta ta tsaf, ya cire tabarau ya ajiye, ya yi mini tambaya ɗaya tak: "Bara me waɗannan bishiyoyin suka yi?" Ban da amsa, domin bara ban zo lambun ba, kuma ban nemi littafin tarihinsa ba.

Amsar tana bakin dattijon da yake ba lambun ruwa. Na same shi a ƙarƙashin wata bishiya yana gyara kwata, na ce, "Baba, wannan layin, yaya ya yi bara?" Ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Ai Malam, bara wannan layin hutawa ya yi, ko kwando ɗaya ba mu cika ba. Wancan da ka bari shi ne ya kusa karyewa da 'ya'ya." Ashe na fesa maganina a kan bishiyoyin da dama can shekararsu ce ta bayarwa, na kuma kwatanta su da waɗanda suka gaji. Shekarar da ta biyo baya al'amarin ya juye, layin kwatance ya yi huda fiye da wanda na sake fesawa, kuma da maƙalar ta riga ta fita da sai in rasa bakin da zan yi wa masu karatu bayani.

Daga nan na sake tsarin aikina tun daga tushe, kuma abin ya ci mini shekara biyu da ban taɓa bishiya da wani magani ba, sai ƙirga da awo kawai. Kowace bishiya na ba ta lamba, na auna kaurin kututturenta, na rubuta nauyin abin da ta bayar, sannan na haɗa masu hali iri ɗaya rukuni-rukuni kafin a yi ƙuri'a a cikin kowane rukuni. Abin da ya fi amfanata shi ne ɗaura ƙyalle mai launi a kan rassa. Mangwaro ba ya girma a jere kamar dawa, toho yake yi zango-zango: sabon ganye ya fito ja-ja, laushi kamar an jiƙa shi, yana rataye, sannan ya koma kore mai haske, daga baya ya yi duhu ya yi tauri har idan ka murza shi a hannu ya yi ƙara. Duk reshen da ya yi toho a wata guda sai in ɗaura masa launi guda, in rubuta ranar. Da hudar ta zo sai na ga abin da na karanta a takarda yana faruwa a gabana: rassan da ganyensu ya tsufa ne suka amsa feshin, masu ɗanyen ganye kuwa feshin bai ƙara musu komai ba sai wani sabon toho. Fotashiyam naitiret yana tayar da idon reshe daga barci ne kawai, amma ko fure zai fito ko ganye, wannan ya dogara da halin da reshen yake ciki a lokacin. Inda dare yake yin sanyi har zafi ya sauka wajen digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, sanyin ne yake jan ragamar huda, inda babu irin wannan sanyi kuwa tsufan toho na ƙarshe ne yake da ta cewa, kuma yakan buƙaci wata huɗu zuwa biyar yana hutawa.

Wani ƙaramin gwaji da na maimaita daga aikin magabata ya fi kowace lacca tasiri a raina. Idan ka yanke zobe a ɓawon reshe, ka tsige ganyen da ke samansa duka, idon da zai fito ganye zai ba ka ko da lokacin huda ne, amma idan ka bar masa ganye kaɗan sai ya yi fure. Saƙon daga ganye yake tasowa, yana bi ta jijiyoyin da ke ƙarƙashin ɓawo har ya isa kan reshe. Wannan shi ne abin da Mikhail Chailakhyan ya yi hasashensa a 1936 ya kira shi filorijin, aka shafe kusan shekara saba'in ana nemansa, sai a 2007 aka tabbatar cewa furotin ne da ake kira FT. Duk sanda gajiya ta kama ni da jiran bishiya, nakan tuna da wannan tazarar.

Akwai kuma ra'ayin da na shiga aikin da shi wanda awo ya tilasta mini sassauta shi. Na ɗauka cewa bishiya tana hutawa ne kawai saboda 'ya'yan bara sun cinye sitacin da ta tara a saiwa da rassa. Na yi ta yankan samfuri, ina busarwa, ina niƙawa, ina aunawa a ɗakin gwaje-gwaje, kuma gaskiya ne sitacin yana raguwa bayan shekarar cika, sai dai na sha samun bishiya mai wadataccen sitaci da ta ƙi yin huda. Tun a 1967 Chan da Cain suka nuna a tuffa cewa 'ya'ya masu ƙwallo a ciki suna hana reshe yin furen baɗi, marasa ƙwallo kuwa ba sa hanawa, abin da ya karkata hankalin masana ga jibaralin da ƙwallon yake fitarwa. A mangwaro akwai dalili na uku da ido yake iya gani: reshen da ya ɗauki 'ya'ya ba ya toho sai an tsinke su, don haka tohonsa yakan makara, lokacin huda ya riske shi bai nuna ba. A ganina duk maƙalar da ta jingina lamarin ga dalili ɗaya ta rage wa bishiyar haƙƙinta.

Na kuma daina murna da yawan fure. Zangarniya ɗaya ta mangwaro tana ɗauke da ɗaruruwan furanni, wani lokaci dubbai, amma abin da yake kaiwa ga nuna bai kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma mafi yawan zubewar tana faruwa ne a makonnin farko, lokacin da 'ya'yan ba su wuce girman ƙwayar wake ba. Na shimfiɗa raga a ƙarƙashin bishiyoyi ina tattara abin da ya faɗo kowace safiya, na ga bishiyar da ta fi kowa fure ta fi kowa zubarwa. Faklobutrazol ma ya nuna mini halinsa a makare, domin yana daɗewa a ƙasa, kuma bishiyoyin da na yi wa yawa sun ci gaba da fitar da gajerun gaɓoɓi da dunƙulalliyar zangarniya bayan na daina zubawa. Wanda ya rufe gwajinsa a shekara guda ba zai taɓa ganin wannan ba, kuma zai ba manomi shawarar da za ta cutar da lambunsa.

Nan ne wahalar wannan fanni take ga mai neman ci gaba a aiki. Ana auna masani da yawan maƙalun da ya wallafa, abokina da yake aiki a kan tumatir yana iya kammala gwaji biyu ko uku a shekara, ni kuwa bishiyata sau ɗaya take amsa tambaya a shekara, kuma amsar ba ta da ma'ana sai an jera ta da ta bara da ta baɗi. Akwai jarabar yanka aiki ɗaya gunduwa-gunduwa, ko a ƙirga rassa goma na bishiya ɗaya kamar bishiyoyi goma ne, alhali saiwarsu ɗaya ce kuma abincinsu ɗaya. Na zaɓi in riƙa cike shekarun jira da ƙananan tambayoyi masu saurin amsa, irin su yadda etilin, iskar gas da 'ya'yan suke fitarwa, yake tafiyar da nunarsu bayan tsinka, babban gwajin kuma in bar shi ya cika zagaye biyu na bayarwa da hutawa, wato shekara huɗu aƙalla.

Maƙalar da ta fita a ƙarshe ta fi wadda aka tsayar gajarta, ikirarinta ma ya fi ƙanƙanta. A cikinta na sa jadawalin abin da kowace bishiya ta bayar kafin a fara gwaji, na bayyana inda feshin ya yi aiki da inda bai yi ba, na kuma faɗi shekarun tohon da aka fesa. Ɗaliban da suke zuwa wurina yanzu da ɗokin fara feshi, littafin lambu nake fara miƙa musu tare da damin ƙyallaye masu launi, in tura su wurin mai ba da ruwa su tambaye shi abin da kowane layi ya yi bara.