Talata: zaman kotu kan komawarmu Kaduna

Yau aka yi zaman. Tun da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Kaduna barci ya ƙaurace mini, domin hukuncin da kotu ta yanke bayan rabuwarmu ni ya ba riƙon yaran biyu, ya kuma ba babansu damar ɗaukarsu duk Juma'a su kwana biyu a gidansa. Mutane da yawa sun ce in tattara kayana kawai in tafi, wai wa zai bi ni. Ban ɗauki wannan shawarar ba. Yaran nan suna da uba, kuma ba na so su tashi suna jin an ce uwarsu ta gudu da su.

Kawu, wanda ya yi karatun zaure sosai, tun farko ya ce kada in shiga kotu ina ganin gaskiya duk tawa ce. Ya buɗe mini Muhtasar Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya karanta: uwa ce ta fi kowa haƙƙin reno, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Amma idan ta yi tafiyar ƙaura, ba ta fatauci ko ziyara ba, kuma nisan ya kai baridi shida, wato mil 72, uba yana da ikon karɓar 'ya'yansa. Kano zuwa Kaduna kuwa ya haura kilomita 200. Ke nan da ya so ya taurare, shari'a tana bayansa. Da wannan nauyin na zauna a kan bencin kotu, Yaya yana gefena, tafin hannuna sai gumi yake.

Alƙali ya tambayi shekarun yaran, na ce namijin tara, macen biyar. Sai ya juya ga babansu. Na ɗauka zai kawo tsofaffin maganganu, amma bai yi ba. Cewa ya yi yana tsoron hanyar, yana tsoron yaron ya saki karatun Islamiyya, kuma ba ya so 'yarsa ta riƙa ganinsa kamar baƙo. Wallahi duk damuwa ce ta gaskiya, ni ma ina da irinta.

Hajiya, mahaifiyarsa, ita ta warware komai. Ta nemi izini ta ce, "Allah ya gafarta Malam, yarinyar nan ko gashinta ba ta yarda wani ya tsefe sai uwarta. A bar mata su, amma a kawo mini jikokina in riƙa gani." Ta juyo gare ni ta ce, "Kin ji ko, 'yar nan?" Na ce, "Na ji, Hajiya." Hawaye suka zubo mini, ban ma damu da mutanen da ke wurin ba.

Aka yi sulhu, magatakarda yana rubutawa. Zan kawo su Kano ƙarshen kowane wata, tafiyar rana kawai. Dogon hutu da Babbar Sallah a gidan babansu za su yi. Kuɗin ciyarwa zai ci gaba da turowa ta banki, kuɗin motar kuma a wuyana. Idan na yi aure, a dawo gaban alƙali. Muka sa hannu, aka buga hatimi.

Bayan magariba na faɗa wa yaran. Ƙaramar kekenta kawai ta tambaya, ko za a tafi da shi. Babban ya yi shiru, can ya ce shi ba ya so a mayar da shi baya a hadda. Na yi masa alkawarin ba zan sa shi a kowace makaranta ba sai malamin ya saurare shi tukuna. Gobe da safe zan karɓo takardun canjin makarantarsu, daga nan in wuce tashar mota ta Unguwa Uku in ji nawa za a ɗaukar mana kaya.