Matatar sautin da na biya kuɗinta sau biyu

Ƙarar makullai ce ta tona asirin aikin. Na'urar tana kan teburi tana naɗar magana, na zaro makullaina daga aljihu na ajiye kusa da ita, ba da wata niyya ba. Da daddare na sa abin ji a kunne ina sauraron abin da ta naɗa, sai na ji a daidai wurin wani kaushin sauti mai kama da fito, wanda na tabbata babu shi a ɗakin. Na mayar baya na sake ji har sau huɗu. Daga nan kunnena ya buɗe, na fara jin irinsa a duk inda mai magana ya furta "s" ko "sh", kamar an yayyafa wa muryar yashi.

Ni rubuta manhaja ne aikina, ban karanci sarrafa sauti ba. Na'urar da muke haɗawa ƙarama ce, tana naɗar magana a wurin taro. Makirufonta yana ɗaukar samfurin sauti, wato yana auna sautin ya mayar da shi lamba, sau 48,000 a sakan ɗaya, kuma haka muke adana shi a kati. Amma manhajar da ke mayar da magana rubutu samfuri 16,000 take so, don haka dole mu fitar da kwafi na biyu. A ido abin ba wuya: ka riƙe samfuri ɗaya, ka zubar da biyu. Sai dai akwai ƙa'idar da ake dangantawa da Harry Nyquist da Claude Shannon, wadda Shannon ya bayyana sarai a 1949: sautin da za ka iya riƙewa daidai shi ne wanda kaɗawarsa ba ta kai rabin yawan samfurinka ba. Da samfuri 16,000, iyakarka hertz 8,000 ke nan, wato kaɗawa sau 8,000 a sakan. Abin da ya haura haka ba ɓacewa yake yi ba, naɗowa yake yi ya dawo ƙasa yana sojan gona. Sautin hertz 10,000 sai ya fito a matsayin 6,000, na 12,000 ya fito a 4,000, tsakiyar inda maganar mutum take. In ya shiga kuwa ya shiga, babu dabarar da za ta raba shi da sautin gaskiya.

Wannan na sani. Na san ana buƙatar matata kafin a zubar da samfuri, wadda za ta bar ƙananan sautuka su wuce ta tare siraran da ke sama. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake zana ta, ga lokaci ya ƙure mana. Sai na shiga ɗaya daga cikin dandalolin da ake ɗaukar ƙwararru aikin wucin gadi ta intanet, na rubuta buƙatata a layi biyu: ina son matatar sauti ta dijital, samfuri 48,000, ta yanke a hertz 7,000. Na zaɓi 7,000 ne don in bar tazara kafin 8,000, kuma a lokacin ina ganin na yi dabara.

Wanda na ɗauka bai yi mini tambaya ko ɗaya ba. Kafin kwana biyu ya turo matata irin ta Butterworth mai mataki huɗu, rubuce da harshen manhaja na Python, haɗe da zane mai kyau da ke nuna layi ya miƙe sannan ya gangara. Na duba, na ga gangarowar ta fara a wajen 7,000, na biya shi, na yaba masa.

Sai bayan abin makullan na zauna na karanta zanen nan da kyau. Stephen Butterworth, injiniyan Ingila, ya fitar da wannan tsari tun 1930, kuma abin da aka san shi da shi shi ne santsi: ba ya ɗaga wani sauti ya danne wani a yankin da ya bari. Amma gangarowarsa a hankali take. Abin da ake kira wurin yankewa a irin wannan matata wuri ne da sauti ya ragu da desibel 3 kacal (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). A tawa, sautin 8,000 ragin da ya samu bai kai desibel 7 ba, wato kusan rabinsa yana nan. Na 10,000 ya ragu da kimanin desibel 15, ya saura kashi ɗaya cikin shida na girmansa. Makullai da "s" da "sh" suna da ƙarfi a can sama, sai suka bi ta wannan ƙofa suka dawo mini a ƙasa. Ni a zuciyata yankewa tamkar bango ce, ashe gangare na saya.

Akwai matsala ta biyu, ita kuma daga hannuna ta fito. Ƙwaƙwalwar na'urarmu Cortex-M3 ce, ba ta da sashen lissafin lamba mai ɗigo, don haka ni na mayar da aikinsa zuwa harshen C da cikakkun lambobi masu bit 16. Irin waɗannan lambobi daga −32,768 suke zuwa 32,767. In aka yi tafi kusa da makirufo, lissafin ya zarce 32,767, sai lambar ta kewayo ta faɗa can ƙasa, a ji "ƙas" kamar an karya kara. Ban gaya masa irin ƙwaƙwalwar da muke amfani da ita ba, shi ma bai tambaya ba.

Na daɗe ina juya maganar laifin wa ne. Mutumin bai cuce ni ba, abin da na rubuta shi ya kawo. Amma har yau ina ganin wanda ya san wannan fanni, in ya ga 48,000 da 7,000 a layi ɗaya, ya kamata ya ce: me za ka yi da sautin bayan an tace? Tambaya ɗaya ce, da ta wadatar. Ni kuma nawa kason shi ne na ba da aikin da ban san yadda zan auna kyansa ba, na karɓa da kallon zane.

Karo na biyu wani abokin aiki ne ya haɗa ni da wata injiniya da ta daɗe tana aikin sauti a ƙananan na'urori. Na tura mata layi biyun nan nawa da abin da ya faru. Ba ta yi maganar kuɗi ba, ta ce mu fara yin waya.

"Malam, kafin in taɓa komai, har zuwa ina kake son sauti ya wuce lafiya, kuma daga ina kake son ya mutu?"

Na ce, "Injiniya, ai na ce 7,000."

"Wannan amsar ta farko ce. Saura ta biyu. Lamba biyu ake ba mai zana matata, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce tsadar aikin."

Mun kusa awa ɗaya a wayar nan, ita tana tambaya ni ina laluben amsa. Sautin da aka tare, a rage shi da nawa? Ban sani ba. Ta ce duk desibel 20 ragi ne ninki goma, don haka 60 na nufin ya koma kashi ɗaya cikin dubu, kuma ga magana wannan ya isa. Wanda aka bari ya wuce, ɗan hawa da sauka nawa zan iya jurewa a cikinsa? Jinkiri fa, akwai wanda ke sauraro kai tsaye ko naɗa kawai ake yi? Wace ƙwaƙwalwa ce, me kuma take yi banda wannan aiki, wuri nawa ya rage mata? Samfuri nawa ke isowa a dunƙule ɗaya? Wasu amsoshin sai da na koma na buɗe takardun na'urar. Na lura babu tambaya ko ɗaya da za ta iya amsa wa kanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, aikinta shi ne ta sa ni in nuna wurin.

Abin da muka fitar bai cika shafi ɗaya ba. Daga ƙasa zuwa 7,000 sauti ya wuce, hawa da saukarsa kada su haura desibel 0.1. Daga 8,000 zuwa 24,000 a rage aƙalla desibel 60. Lissafi da lambobi masu bit 16 a kan Cortex-M3. A ƙasan shafin ta sa muka rubuta gwajin da za a yi kafin in karɓi aikin, muka amince da shi tun ba ta fara ba.

Sannan ta bayyana mini zaɓin da ke gabanmu, ta bar mini hukunci. Matatun dijital gida biyu ne. IIR, irin wadda aka fara yi mini, tana mayar da abin da ta fitar cikin lissafinta, shi ya sa take aiki da ninkawa kaɗan. Amma tana jinkirta wasu sautuka fiye da wasu, kuma in aka matse lambobinta cikin bit 16 ba da kula ba tana iya rikicewa. Ta ce ko a gidan IIR ɗin akwai masu gangara da sauri fiye da Butterworth, kamar ta Chebyshev. FIR kuwa samfuran da suka shigo kawai take ninkawa da jerin lambobi ta tara. Ba ta rikicewa, kuma in jerin ya daidaita hagu da dama, jinkirinta ɗaya ne ga kowane sauti. Aibinta tsawo. Ta yi ƙiyasi da lissafin James Kaiser na Bell Labs, ya ba ta lambobi kusan 175 ga tazarar hertz 1,000 da ragin desibel 60. Gabana ya faɗi, don na hango ƙwaƙwalwarmu tana nishi.

Nan ne na ga abin da na biya kuɗi a kansa. Da farko ta yi amfani da hanyar Parks da McClellan ta 1972, wadda ke raba kuskure daidai wa daida a faɗin yanki, ta sauko da jerin zuwa 129 har da ɗan rara a kan desibel 60. Na biyu, ta ce tunda biyu cikin kowane samfuri uku zubar da su za a yi, me zai sa a lissafa su? A lissafa wanda za a riƙe kaɗai. Ninkawa sama da miliyan 6 a sakan ta koma kimanin miliyan 2. Ta kuma nuna mini cewa tarin manhajojin CMSIS-DSP da kamfanin ARM ke bayarwa yana da aikin tacewa da rage samfuri a haɗe, yana tara lissafi a ma'aji mai faɗi, kuma in lamba ta zarce iyaka yana tsayar da ita a bakin iyakar maimakon ta kewayo. Matsalar tafi ta tafi ke nan. Jinkirin duka samfuri 64 ne, bai kai kashi ɗaya da rabi cikin dubu na sakan ba.

Wani abu da ta yi wanda ba zan manta ba: bayan ta mayar da lambobin 129 zuwa bit 16, ta sake zana yadda matatar ke aiki da waɗannan lambobin da aka datse, ba da na asali ba. Ta ce zanen da ke kwamfuta na matatar da ke kwamfuta ne, ita kuwa wadda za ta zauna a na'ura ita ake aunawa.

Gwajin da muka rubuta mai sauƙi ne, kowa zai iya yi. Fayil ne na sauti guda da ke tashi a hankali daga hertz 20 har 24,000. A zuba shi a na'urar, a ɗauki abin da ya fito, a buɗe a manhajar sauti ta Audacity ta fuskar da ke nuna sauti bisa kaɗawarsa. Na fara gwada tsohuwar matatar don in gani da idona. Layi mai haske ya hau har rufin 8,000, ya bugi rufin, ya juyo yana gangarowa, yana dusashewa a hankali amma ana ganinsa ƙarara. Wannan gangarowar ita ce yashin da nake ji. Na sa sabuwar. Layin ya hau, ya wuce 7,000 ya fara suma, kafin ya taɓa rufin ya ɓace, sauran shafin baƙi ƙirin. Na ɗauko makullan na karkaɗa su a bakin makirufo da gangan, na saurara. Ƙarar makullai na ji, ba wani abu tare da ita.

A yarjejeniyar ta biyu na sa sharaɗin da ban yi tunaninsa ba a ta farko: ba jerin lambobi kaɗai za a ba ni ba, har da rubutun Python da ya haife su, da fayilolin gwaji, da izinin amfani da su a duk abin da za mu sayar. Ita ce ma ta tuna mini maganar izinin. Lambobi 129 tsirara ba sa gaya wa kowa daga ina suka fito, ranar da aka so canza wani abu sai a koma farko.

Ranar kuwa ta zo bayan 'yan watanni. Aka buƙaci kwafi na uku mai samfuri 8,000 don layin tarho, inda magana ke tsayawa a hertz 3,400. Na buɗe rubutunta na canza iyakokin zuwa 3,400 da 4,000, jerin ya haura 200 saboda tazarar ta matse zuwa 600. Na rubuta mata saƙo, wannan karon da cikakken shafi: iyaka biyu, desibel, ƙwaƙwalwa, wurin da ya rage, da gwajin da zan yi. Ta amsa a ranar.

"Malam, kada ka taso daga 48,000. Kana da na 16,000 a hannu, an riga an tace shi. Ɗora ƙaramar matata a kansa ka raba biyu."

Na yi yadda ta ce. Lambobi kusan 70 suka isa, layin gwajin ya ɓace kafin 4,000.