Kwalbar da ta tashe ni da tsakar dare

Jiya wajen ƙarfe biyu na dare wata ƙara ta tashe ni, kamar taya ta fashe. Na haska tocila cikin sito, sai ga gilashi warwatse har bakin ƙofa, kumfa na gangarowa a bango. Kwalba ɗaya ce cikin giyar da na haɗa ta tarwatse.

Laifina ne, gaggawa ce ta ja. Na ɗura tun yis bai gama cinye sukarin da ke ciki ba, na kuma ƙara masa wani don ta yi gas. Shi yis ba ruwansa, in ya samu sukari ci zai yi ya fitar da iska, iskar kuwa ba ta da mafita a rufaffiyar kwalba. Ma'aunin nauyin ruwa, wanda ke nuna yawan sukarin da ya rage a giya, na nan a ajiye, ƙyuya ta hana ni taɓa shi. Da na auna kwana uku a jere na ga lambar ta tsaya cak, alamar yis ya gama aikinsa, kafin in ɗura, da ban kwana shara ba.

Sukarin ma da ido na zuba. Awo yake so, kamar giram 6 zuwa 7 a kowace lita, a tafasa shi da ɗan ruwa a gauraya kafin ɗuri.

Sauran kwalaben, sai da na sa safar hannu da tabarau, na naɗe kowace da tawul na kai firij, sanyi ya kwantar da yis ɗin. Karo na gaba zan cika gorar roba ɗaya tare da su. Ranar da na matsa ta ƙi lotsawa, na san gas ya isa.