Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daga Aji Zuwa Lugard Hall

A makon jiya na tsaya inda dattawan garinmu suka matsa mini lamba in ajiye alli in tsaya takarar majalisar dokokin jihar Kaduna a inuwar jam'iyyar PRP. Ga yaran yanzu, a lokacin Katsina ma a cikin jihar Kaduna take, sai a 1987 aka raba.

Ba ni da mota, ba ni da kuɗi. Abin da nake da shi ɗalibaina ne da suka girma, da kekena, da sunan Malam Aminu Kano. In ka shiga ƙauye ka ɗaga hannu ka ce “PRP!” jama'a su amsa “Nasara!”, ka gama rabin jawabinka. Alamarmu makulli ce, ta jam'iyyar NPN kuwa gida da masara, kuma yawancin masu sarauta da attajirai suna can wajensu.

Amma in ana maganar wanda ya ci mini zaɓe, mata ne. A 1979 ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa, 'yan takara da yawa kuma ba su lissafa da su ba, don ba mai shiga gidan aure ya yi kamfe. Inna ce ta shiga. Gidan biki, gidan suna, wajen daka, ko'ina tana riƙe da ɗan makullin akwatinta tana nuna wa mata. Wata rana na ce mata, “Inna, ki huta haka nan, ƙafarki.” Ta ce, “Kai dai je ka ji da maza. Waɗanda ke sayar da akuya a biya wa miji haraji, ni na san inda suke.”

Ranar 21 ga Yuli, 1979 aka yi zaɓenmu, hukumar zaɓe ta FEDECO ta ce ni na ci. Bayan mako guda Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya kayar da Alhaji Lawal Kaita a zaɓen gwamna. Murna ta hana mu ganin ramin da ke gabanmu: gwamna namu ne, amma majalisa mai kujeru 99 ta NPN ce, mu 'yan tsiraru ne a cikinta.

Da muka fara zama a Lugard Hall, wato ginin majalisar, ƙarƙashin kakakin majalisa Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, na gane abin da rinjaye yake nufi. Ka kwana kana shirya hujja, ka tashi ka faɗa, a saurare ka, sannan a ƙirga hannuwa a wuce. Gwamna ya aiko da sunayen kwamishinoni aka mayar masa, ya sake aikowa aka sake mayarwa. Shi kuma ya ƙi bai wa NPN kujera ko ɗaya, yana ganin yin hakan cin amanar talakawan da suka zaɓe shi ne. Haka ya yi mulkinsa ba kwamishinoni. Wasu abokanmu sun so a sasanta. Ni ban goyi bayansu ba, har yau kuma ina kan bakana, domin mutanen da Inna ta bi gida gida ba su zaɓe mu don mu raba kujeru da masu karɓar jangali ba.

Abin da ya riƙe ni a mazaɓata shi ne soke haraji da jangali da gwamna ya yi tun farkon hawansa. Duk ranar kasuwa in na je gida, tsofaffi ba sa tambayata ƙudurin da na kawo. “Malam, da gaske ba za a dawo da shi ba?” Tambayar ke nan, kullum.

Ranar 23 ga Yuni, 1981 majalisa ta tsige Balarabe Musa, gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Najeriya. Mataimakinsa, Alhaji Abba Musa Rimi, ya hau. Kafin nan ma PRP ta dare gida biyu, 'yan santsi, ɓangaren gwamnoni, da 'yan taɓo, ɓangaren Malam Aminu Kano, kuma ɓarakar ta iso har cikin gidanmu, don ni da yayana mun daina cin abinci a kwano ɗaya. Yadda wannan ta kai ni ga rasa kujerata a 1983, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.